Hukuncin Tsintsiya a Filin Aƙiƙ

Direba aka ce mini zan zama. Haka ejan ya faɗa a Kano, har yana nuna mini hoton wata farar mota a wayarsa, ni kuwa ina ta washe baki kamar kyautarta za a ba ni. Da na sauka a Saudiyya, motar da na gani kawai ita ce wadda ta ɗauke ni daga filin jirgi, ta bi da ni ta gefen Madina ba ta ko rage gudu ba, ta sauke ni a wata gonar dabino a Khaibar. Sitiyarin da aka miƙa mini shi ne igiyar hawa bishiya.

Na yi zama a gonar nan wanda ba na son tuna tsawonsa. Ni da wani dattijo ɗan Sudan ne kawai, shi kuma maganarsa a yini ba ta wuce sallama da kiran salla. Amma mutumin kirki ne. Ranar da ƙayar dabino ta yi mini kaca-kaca da tafin hannu, shi ya zaunar da ni ya ciccire da allura, ya shafa mini man zaitun, ya koma bakin aikinsa. Hausa kuwa sai in ina ban ruwa nake yinta, ni da injin, don kada bakina ya manta. In ina son jin muryar matata Rabi, sai na hau wani tsauni na baƙaƙen duwatsu inda waya ke kamawa, mu yi ta "kina ji na?" har kati ya ƙare.

Da aka gama girbi, kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya miƙa ni ga ƙanensa mai gidan wanki a Madina. Zannuwan gado da tawul na otal-otal ake wankewa. Ni aka ba injin guga, wanda tururinsa ke dafa mutum a tsaye. Masaukinmu yana unguwar Aƙiƙ, ɗaki mai gadaje hawa biyu, duk 'yan Pakistan ne sai ni. Da na shigo da jakata suka dube ni, suka dubi juna, suka ci gaba da hirarsu. Na hau gadon sama na juya wa kowa baya, ina jin yunwa amma kunya ta hana ni tambayar inda ake sayen burodi.

Wanda ke gadon ƙasa ne ya ƙwanƙwasa katakon gadona. Na leƙo, na ga dogon mutum mai gashin baki, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya ɗora gurasa da miyar wake mai yaji. Ya nuna mini gefensa. Sunansa Nadim, daga wani ƙauye a Panjab. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa, sai muka haɗu a Larabcin 'yan ƙwadago, wanda ba ruwansa da nahawu. Tun daga ranar yake kirana Habib bhai, wato ɗan'uwa Habibu. Shi ya koya mini yadda ake kauce wa ƙunar injin, shi ya nuna mini motar da ake shiga zuwa Harami, kuma shi ne ya tsaya a bayana yana kare ni daga turereniya ranar da na fara yin sallama ga Manzon Allah, hawaye ya hana ni ganin gabana.

A harabar masallacin nan na ɗauki wata ɗabi'a da nake jin kunyar faɗa. In na ji alhazanmu suna tafe suna Hausa, sai in bi bayansu a hankali, don kawai in ji. Ko musun farashin darduma suke yi, daɗi yake yi mini. Wata rana na yi ƙarfin hali na gaida wata hajiya. Ta dubi kayan aikina, ta ƙanƙame jakarta, ta ce wa 'yar'uwarta su yi sauri, an ce su kula da takari. Ban ga laifinta ba, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Bahaushen da ya karɓe ni shi ne Baba Umar, mai ɗan kanti a bakin layinmu. A Madina aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Jikokinsa in ka yi musu Hausa sai su yi murmushi su amsa da Larabci. Shi ma tasa Hausar rabinta Larabci ne, amma nakan tsaya sayen ruwan da ba na buƙata don in saurare shi. Wata rana direbobi biyu suka cacumi juna a ƙofar kantinsa. Bai tashi daga kujerarsa ba, ya dai ɗaga murya ya ce su yi wa Annabi salati. Suka tsaya cak suka yi, suna huci, kuma kafin su gama wutar ta lafa. Ya dube ni ya ce, "Ya waladi, in nas biyu suna mushkila, kada ka fara da wane ne mai galaɗi. Ka ce sallu alan Nabi. Baki ba ya iya zagi da salati sawa-sawa, bare a wannan balad."

Ranar Juma'a ce kaɗai hutunmu. Da an idar da asuba sai in ga ɗakin ya watse, kowa ya saɓa jaka, a bar ni da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Da na gaji da kallon silin, na bi Nadim. Ashe wani fegi suke zuwa can bayan Aƙiƙ, wajen iyakar Harami, inda aka share don gini ba a gina ba. An zaɓi wurin ne don 'yan Indiya waɗanda ba Musulmi ba su ma su samu zuwa. Sun kafa sanduna uku-uku a gefe biyu, sun ɗora 'yan itatuwa a kai, sun zagaye filin da robobin ruwa. Ƙwallon kuwa na tanis ne da aka nannaɗe da tef ɗin masu gyaran wuta. Kurket suke yi.

Dariya ta kama ni, don na san wasan. A makarantar kwana da na yi kusa da Zariya akwai wani malamin wasanni da ya tono tsofaffin kayan kurket a sito ya ɗora mana dole. Ni ban iya jifa ba, ban iya bugu ba, in aka cillo mini ƙwallo sai in rufe ido. Malamin ya ce tunda Allah bai ba ni hannu ba, in tsaya in yi alƙalanci, ko ba komai na ci abincin 'yan wasa. Ban taɓa zaton wannan rashin iyawar zai yi mini rana a ƙasar Larabawa ba.

Ranar nan rigima ta tashi kan ko ƙafar mai jifa ta haye layi. Alƙalin ɗan Pakistan ne, 'yan Bangaladash suka ce ai dole ya goyi bayan nasa. Ni da ke zaune kan bulo na ce ta haye, na gani, na kuma yi alamar da hannu yadda aka koya mana. Nadim ya zo ya kama kafaɗuna yana jijjiga ni, yana gaya wa kowa cewa ɗan ɗakinsu ne. Mako mai zuwa aka ba ni farar hula mai faɗi aka tsayar da ni a tsakiya. Dalilinsu a fili yake: ni ba ɗan Lahor ba, ba ɗan Dakka ba, ba ɗan Kerala ba. Ba ni da kowa, don haka kowa ya yarda da ni.

Aikin ba ƙirga jifa ba ne kawai. Mutanen nan sun yi mako guda ana daka musu tsawa a wurin aiki ba su da bakin ramawa, sai su zo fili su juye a kan juna. Zagi kuwa kamar ruwan sama, cikin harsunan da ba na ji. Sai na koyi gane nauyin zagi a fuskar wanda aka zaga. In ya yi dariya, na ƙyale. In kunnuwansa suka yi ja, sai in tsayar da wasa in kira kyaftin ɗin mai zagin in ja masa kunne. In aka sake, in ƙara wa ɗaya ɓangaren maki. Wanda ya yi jifa da nufin ya sami kan mutum, in karɓe ƙwallo daga hannunsa har a tashi. Ni ma na sha nawa rabon. An tofa yawu kusa da takalmina, an kira ni makaho da Larabci don a tabbatar na ji, wani ma ya taɓa fizge hular daga kaina ya taka. In abu ya gagara, sai in je in cire 'yan itatuwan nan daga kan sanduna in sa a aljihu, wasa ya mutu ke nan, kowa ya yi asarar Juma'arsa.

Amma maganin da ya fi ci shi ne na Baba Umar. Da na ga biyu sun tunkari juna, sai in shiga tsakani in ce a yi wa Annabi salati. Filin gaba ɗaya sai ya ɗauka, har 'yan Indiyan nan sukan sunkuyar da kai su yi shiru. Ba mu da wata hukuma bayan wannan. Kowa ya san in 'yan sanda suka zo, ba za su tsaya tambayar wa ya fara ba. Za a duba iƙama, a rufe filin, wanda ya yi duka kuma sai gidan tarhil, a mayar da shi ƙasarsu da kayan jikinsa.

Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. In an tashi wasa mukan zauna a inuwar motar da ta kawo mu, Nadim ya zuba shayi mai madara, ya yi ta tsokanata cewa alƙalin da ke cin gurasarsa bai taɓa yi masa alfarma ko sau ɗaya ba. Ni kuma in ce gurasar ce ba ta kai cin hanci ba. Har Rabi ta san muryarsa, yakan karɓi waya ya ce mata "sannu" da "lafiya lau", iyakar Hausarsa ke nan.

Ana nan sai mahaifinsa ya rasu. Ya nemi izinin tafiya, maigidan ya ce lokacin umra ne, otal-otal sun cika, a bari sai an rage. Aka binne tsohon, Nadim yana tsaye gaban injin wanki. Na zauna da shi, na yi masa ta'aziyya da duk Larabcin da na mallaka, na roƙe shi ya huta wannan Juma'ar. Ya ce in bai buga wani abu ba kansa zai fashe.

Da 'yan Bangaladash suke karawa. Mai jifansu wani siririn mutum ne, Shafiƙ, mai sharar titi, ga iya jifa ga tsiwa. Ya jefo, Nadim ya kai bugu, ƙwallon ya goga gefen katakon bugunsa ya faɗa hannun mai tsaron baya. Na ji ƙarar sarai. Na ɗaga yatsa, wato ya fita. Nadim ya dube ni kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, amma ya juya zai tafi. Sai Shafiƙ ya biyo shi yana 'yar rawa, yana ɗaga masa hannu, ya faɗi wata magana. Bai san an yi masa rasuwa ba. Na ga kunnuwan Nadim, na ruga ina cewa a yi wa Annabi salati. Kowa ya amsa, har Shafiƙ. Nadim kaɗai bai amsa ba. Ya ɗaga katakon ya sauke, Shafiƙ ya tare da hannu, muka ji ƙashi ya ce ƙas. Na cire 'yan itatuwan na sa a aljihu.

A asibiti Shafiƙ ya ce daga kan tsani ya faɗo. Amma kyaftin ɗinsu, wani mai furfura da ake kira Mizan, ya aiko cewa wannan maganar tsanin tana iya canzawa kafin la'asar. Bayan sallar Juma'a aka zauna a filin, rana na dukan kowa. Mizan ya ce mutumin nan da hannunsa yake ci, in bai fito shara ba kamfani zai sallame shi, su kuwa ba za su kai ƙara ba in har alƙali ya yi hukuncin da zai sanyaya musu rai. Kyaftin ɗin su Nadim ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa in tuna gurasar wa na ci. Nadim na zaune a gefe, kansa cikin gwiwoyi. Ni dai abu ɗaya ke raina, kada a ɗauke mini shi a motar tarhil.

Na ce Shafiƙ ya yi tsokana, kuma hannunsa ya riga ya hukunta shi. Na ce Nadim ba zai taka filin nan ba sai bayan aikin hajji. Na dubi fuskokin 'yan Bangaladash na ga bai ishe su ba. Sai na tuna yadda ake yi a ƙauyenmu: in ka ji wa mutum ciwo da damina, kai za ka nome masa gonarsa har ya warke. Na ce Nadim zai riƙa share layin Shafiƙ kowace safiya kafin ya tafi wanki, har a cire filasta.

'Yan Pakistan suka sunkuyar da kai. Mizan ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini hannu ya ce khalas, magana ta ƙare. Na koma masauki ina jin na yi dabara, na ceci abokina da tsintsiya kawai.

Baƙo ko da ido bai san gari ba. Sai daga baya wani ɗan ɗakinmu ya fahimtar da ni cewa a garin su Nadim sharar titi ba aiki ba ne kamar sauran ayyuka. Sana'ar wasu mutane ce da aka ware, waɗanda ba a cin abinci da su a kwano ɗaya. Nadim kuwa ɗan masu gona ne, mahaifinsa da aka binne jiya-jiya mutum ne da ake tashi tsaye in ya shigo. Ni da na tashi ina ganin liman da kansa yana share ƙofar masallaci, ina zan san wannan? Ashe abin da ya sa 'yan Bangaladash suka amince da sauri ke nan. Na ba su fiye da abin da suka zo nema.

Ya yi sharar. Kullum da sassafe yakan sa rigar aikin Shafiƙ, wadda ta tsaya masa a cibiya, ya naɗe fuskarsa da ƙyalle ya fita. Wani marar tsoron Allah ya ɗauke shi a waya, hoton ya yi ta yawo har ya isa ƙauyensu ana cikin zaman makoki. Wata safiya na ari tsintsiya a wurin Baba Umar na bi shi, na fara daga ɗaya bakin layin. Da ya gan ni sai ya tsallaka titi. Da muka dawo na tarar yana naɗe katifarsa zai koma wani ɗaki. Na tare ƙofa na ce masa ban sani ba, wallahi ban sani ba, tarhil nake guje masa.

"Na sani," ya ce. "Ba don kai ba da yanzu ina gida, ba aiki. Na sani, Habib." Ya gyara katifar a kafaɗarsa. "Amma da cewa ka yi a karya nawa hannun, da na miƙa maka shi da kaina."

Na matsa ya wuce.

Na kai kukana wurin Baba Umar. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi sabur, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ya tura mini kwanon shinkafarsa. Na ci, amma ban daɗe ba, don jikokinsa sun shigo ana ta hira da Larabci ana dariya, ni kuwa ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

Har yau ban iya cewa hukuncin zalunci ne ba. Shafiƙ bai rasa aikinsa ba, ba a rufe filin ba, Nadim yana nan yana aika wa mahaifiyarsa abin da ya samu. A filin ma sai aka ƙara girmama ni, zagi ya ragu, ba wanda ya sake taɓa mini hula. An ce wannan baƙin alƙalin ko ɗan ɗakinsu bai bari ba. In an tashi wasa kowane ɓangare yakan aiko mini da shayi, amma ba wanda ke cewa in matso. Sai in sha a tsaye, in mayar da kofi, in shiga mota in zauna kusa da direba. A wurin aiki ina hango Nadim ta cikin tururi, tsakaninmu bai fi tsawon zanen gado ba. In na yi masa sallama yakan amsa cikakkiya, har da wabarakatuhu, kamar yadda ake amsa wa wanda aka haɗu da shi a hanya.

Hajji ya zo, muka yi ta wanki ba dare ba rana, ya wuce. Alhazai suka watse, garin ya yi sauƙi, aka koma fili. Juma'ar farko na gan shi ya sauko daga mota da jakarsa, ya rame, ya aske gashin bakin. Tun cikin dare nake shirya abin da zan ce masa, na haɗa shi da Larabci na warware, na sake haɗawa.

Da layi ya zo kansa ya tako zuwa gaban sandunan. A kurket, kafin mai bugu ya fara, yakan tsayar da katakonsa ya nemi alƙali ya daidaita masa wurin tsayuwa, kuma dole ya dubi alƙalin. Nadim ya tsayar da katakon ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun ranar katifa. Na buɗe baki. Ya ɗaga yatsu biyu, alamar inda yake so.

Na ce ya ɗan matsa dama. Ya matsa. Na ce ya yi.

"Shukran, alƙali," ya ce. Ya ja layi a ƙasa da takalminsa, ya mayar da idonsa kan mai jifa.

Mai jifan yana bayana yana jira, filin duka yana jira. Na gyara hulata, na sauke hannu, na ce a fara.